Turakon da Na Sa Aka Yanka

Shekarar da aka karya darajar sefa, kasuwar maigidana Ɗanlami ta mutu murus. Mu baƙi ne a ƙasar, takardar izinin zama ɗaya ya iya sabuntawa, kuma tawa ya sabunta. Shekara na zagayowa sojoji suka fara bin unguwarmu ta Derrière la Prison gida-gida, suna kwashe baƙi marasa takarda zuwa jirgin ruwan da zai fitar da su daga ƙasar.

Tsuntsaye yake sayarwa. Wani Dokta Ondo, mai binciken dabbobi, ya sa shi neman turako, koren tsuntsun nan mai tukku da jan fiffike. Wai za a ɗebi jininsa a aika Turai, a karanto ƙwayoyin halittarsa, a san asalinsa da danginsa. In ya samo, Dokta zai ba shi wasiƙa cewa ma'aikacinsu ne, ba mai taɓa shi. Ni duk sai daga baya na ji wannan.

Sati uku yana daji kafin ya kamo ɗaya. Wallahi ban taɓa ganin halitta mai kyansa ba. Ranar Laraba ya ajiye mini kejin, ya ce in kula, ya tafi kiran Dokta.

Kafin azahar tsuntsu ya kife yana shure-shure. Haba! Ni Ƙulu, ina zaune abu mai rai ya yi mushe a gabana? Na ƙwala wa maƙwabcinmu Mahamman kira, ya zo da wuƙa ya yi bisimilla. Na wanke jinin tas, na fige, na ƙona gashin, na jefa naman a miya. Har ina jin na yi abin kirki.

Da la'asar suka shigo, Dokta riƙe da allura da 'yar kwalba. Na faɗa musu abin da ya faru.

"Madam, ko gawar ce ai ta ishe ni," in ji Dokta, Mahamman yana fassarawa. "Ko gashi ɗaya."

Na leƙa murhu, toka ce kawai. Dokta ya rufe jakarsa, ya ce ba jini, ba wanda zai sa hannu a wasiƙa.

Ɗanlami bai yi mini faɗa ba, abin da ke cin raina ke nan har yau. Ya ci tuwonsa, ya gyara tarko, washegari ya kama hanyar daji neman wani. A shingen sojoji na bakin gari aka ce ya nuna takarda, daga nan sai jirgin ruwa. Ko sallama ba mu yi ba.