Makin Huseina

"Malam, hannu kawai za ka sa mata, ba wani abu ba," in ji Zulaihatu, tana durƙushe a bakin ƙofa.

Kwana goma sha ɗaya ke nan Malam Sabo, malamin aji shida, yana kwance. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da nata, kullum tarinsa a kunnenta yake, kuma tun safe ta ji ya sauya sauti. Tsoro ya cika ta. Gobe hedimasta zai kai takardun 'yan aji shida Bagwai, wadda kuwa babu sa hannun malamin aji a kanta, ita da makarantar kwana sai dai labari. Ga shi bana gero ya ƙone a tsaye. Mijinta Basiru ya riga ya yanke magana: in 'yarsu Huseina ba ta samu ba, karatu ya ƙare.

Shi kuwa Malam akwai kafiya. Shekara ashirin bai taɓa zaɓa wa yaro abin rubutawa ba, kuma ba ya sa maki sai yaro ya fara ba kansa. Iyaye har tsiya suke masa, wai ya raba wa yara aikinsa.

"Ina yarinyar?" ya ce da ƙyar.

Huseina ta matso da takardarta.

"A kan me kika yi?"

"Ciyawar wuta-wuta da ke cinye mana dawa, Malam."

"Nawa kika ba kanki?"

Zulaihatu ta mintsine ta, ta raɗa mata, "Ce goma!"

Numfashin Malam yana hawa yana sauka, uwar kamar ta fasa ihu.

"Shida," in ji yarinyar.

"Ina huɗun?"

"Na rubuta taki yana korarta. Amma a bakin Baba Sama'ilu na ji, ban je gonarsa na gani da idona ba."

"To, rubuta shidan."

"Wayyo, 'yar nan kin kashe mu," in ji Zulaihatu, hawaye na zubo mata.

Malam ya yi nuni da biro. Matarsa Kaltume ta tallafo shi ya jingina da ita. Biron ya faɗi har sau biyu, babu wanda ya iya ko motsi. Ya daɗe yana ja kafin ya saki takardar.

Bayan sun koma gida, ana kiran la'asar salati ya tashi ta bayan katanga. Zulaihatu ta zauna daɓas a gindin turmi ta yi kuka mai isarta. Sai da ta lafa ta miƙa wa Huseina takardar, don ita ba ta yi boko ba.

"Me ya ce?"

"Ya ce, ku ɗauke ta."

Shidan na nan da fensir, bai taɓa shi ba. A ƙasa sunansa ne, harafin ƙarshe ya zarce har bakin takarda.