Paten Acca a Gidan Asibi

Asibi da kanta ta kawo farfesun, ba ta aiko yarinya ba. Ta dire shi a gaban Yohanna, ya ga bakinta ya ce, “Baban Markus, yau ranarka ce.” Ya yi godiya da ƙarfin da ya sa mutanen teburin kusa suka waiwayo.

Haka yake magana, kamar mai kiran wani a hayin rafi. Shekarun da ya shafe a ɗakin saƙa na wani kamfani a Bompai sun cinye masa kunne ɗaya, sun fara taɓa ɗayan. Amma ɗakin bai bar shi hannu rabbana ba. Cikin rugugin injuna babu mai jin wani, saboda haka ma'aikatan leɓe suke kallo. Mutum zai ba ka labarin rigimarsa da maigidan haya daga wancan ƙarshen ɗakin, ka kwashe tsaf. Mai sirri kuwa baya yake juyawa. Yohanna bai taɓa faɗin wannan a gida ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake wuni.

Gidan abincin Asibi nan ne wurinsu. Duk Kirsimeti nan suke zuwa tun Markus yana rarrafe, domin a Kano kaf ita kaɗai ke yin paten acca irin na Zonkwa. Yau ba Kirsimeti ba ce, Lahadi ce kawai, amma Yohanna ya sa kwat ɗinsa ta coci. A wannan shekara ta 1984, da kamfanoni ke ta zubar da mutane, an tabbatar wa ɗansa aikin akawu a ofishin kamfanin da shi yake saƙa. Shi ya kai yaron gaban manaja, hula a hannu, yana rusunawa.

“Kin ga mai biro,” ya ce wa matarsa Rifkatu, yana nuna Markus da cokali. “Wannan ba zai shaƙi auduga ba.”

Markus ya yi murmushi, ya ci gaba da juya paten da bai kai baki ba.

Da aka zo kan nama, Yohanna ya tashi ya je bakin ƙofa inda randar wanke hannu take. Yana yarfe ruwa ya juyo. Rediyon Asibi na ta kiɗa, Markus ya karkata wajen uwarsa, ya sassauta murya yadda mutanen ofis suke yi. Fuskarsa na kallon ƙofa, fitila a kanta.

“Mama, za a rage mutane. Baba yana ciki.”

Hannun Rifkatu ya tsaya a kan kwano. “Saboda me?”

“Sun ce ba ya jin ƙararrawa. Wai ko inji ya kama wani, ba zai ji ihu ba.”

“Yaushe?”

“Juma'a. Kuma ni aka ce in gaya masa, wai zai fi karɓa daga bakina. Mama, ban san ta inda zan fara ba.”

“Ba yau ba. Bar shi ya ci abincinsa.”

Yohanna ya sake tsoma hannu a ruwa, ya wanke abin da ya riga ya wanke. Ransa ya ɓaci, ɓaci mai tsanani. Su suka kashe kunnen, yanzu kuma su ke tuhumar gawar. Ba su ma iya kiransa su faɗa masa ido da ido ba, sai suka ɗora wa yaron da bai gama koyon ɗaura lakataye ba. Idan Markus ya ƙi, ya san kujerar ba za ta daɗe a ƙarƙashinsa ba. Idan ya faɗa, da wane ido za su riƙa haɗuwa a tsakar gida?

Ya dawo ya zauna. Ya ci nama, ya yaba yajin, ya sa Asibi ta ƙaro lemo. Sannan ya goge baki.

“Ina da magana,” ya ce, rabin gidan abincin na ji. “Na gaji da tsayuwa. Gobe zan je in ce su sallame ni. Tunda ga wanda zai riƙe gida, ni in koma Zonkwa in ga abin da ya rage na gonar babana.”

Ya dube su, yana jira. Ba gaskiya yake nema ba. So yake kawai wani ya ce haba Baba, da sauranka, ko da na fatar baki ne.

Rifkatu ta gyara ɗankwalinta, ta matso kusa da kunnensa mai sauran rai. “Yadda ka gani, Baban Markus. Allah ya sa haka ya fi alheri.”

Markus bai ce komai da murya ba. Kafaɗunsa suka sauka, ya dubi uwarsa, leɓensa ya motsa kaɗan.

“Na huta.”

Yohanna ya sauke idonsa kan teburi, bai sake ɗaga shi ba har aka tashi.