Kicin ɗin Mis Odessa

Idan mutum ya ƙone ka da ƙaramar wuta don yana tsoron babba ta cinye ka, cutar ka ya yi ko ceton ka? Na sha juya wannan tambaya ina kwance a ƙarƙashin motocin bas da nake gyarawa a Toledo ta ƙasar Amurka, har yau ban samo mata amsa ba. Abin da na sani kawai shi ne yadda ta shigo gidanmu. A cikin wani siririn littafin yara ta shigo.

Mahaifiyata, wadda duk unguwarmu ta baƙar fata ke kira Mis Odessa, ta tsufa tana miƙar da gashin mata a kicin ɗinta. Matajin ƙarfe a kan wutar gas, gwangwanin man gashi a gefe, ga farin tawul na gwada zafi. In matajin ya bar baƙin shati a tawul, sai ta jira ya huce. Sannan ta ce, "Riƙe kunnenki." Yarinya ta lanƙwashe kunne da yatsu, ta ɗauke numfashi, man ya yi ƙara, ƙauri ya gauraye da ƙamshin ganyen da ke kan wuta. Da wuya ka sami mace a cocinmu da ba ta da ɗan tabo a saman kunne, kuma kowace da dariya take nuna nata.

A wurinmu kicin biyu ne. Akwai wanda ake girki a ciki, akwai kuma gashin ƙeya, wannan mai taurin kan da yake dunƙulewa kamar masoro. Shi ma kicin muke ce masa. Ko an miƙar da shi, gumi kaɗan zai mayar da shi yadda Allah ya yi shi. Mama takan ce a kicin ake gane mace, kuma ba ta taɓa bayyana wanne take nufi ba.

Nata kan kuwa babu wanda ya taɓa gani. Da rana hular gashi ce mai ruwan ƙasa, da safe ɗankwali. Ina jin ko Baba har ya rasu bai gani ba.

Yayata Vernice malamar firamare ce. Tun da ta tafi kwaleji ta aske miƙaƙƙen gashinta, ta bar na ainihi ya tashi, ba ta sake zama a gaban Mama ba. Mama tana kiran kanta sheƙar tsuntsu, ita kuma tana kiran matajin Mama makamin yaƙi. A haka suke cin abincin Lahadi tare.

A tsakaninsu akwai 'yata Corinne, mai shekara shida. Uwarta ta rasu tana goye, ni kuma iyakar gwanintata in ɗaure mata gashi gida biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Don haka kowace Asabar nake kai ta wurin Mama, ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta, a yi mata kitso ana ba ta labari. Wannan zaman shi ne abin da ya rage wa Mama tun da idonta ya rage ƙarfi mata suka daina zuwa. A bana kuma ta yi wa yarinyar alkawari: ranar bikin Ista za a sa mata mataji a karon farko, ta shiga coci gashi yana kwance har kafaɗa.

Ana saura mako uku Ista littafin Vernice ya fito. Labarin wata yarinya ne da take ganin gashinta gajimare ne, tsuntsaye na hutawa a ciki, ruwan sama na samun masauki. Aka shirya za ta karanta wa yara a ɗakin karatu na unguwa. Mama ta sa rigarta ta zuwa coci, ta zauna a layin gaba da jaka a cinya, tana gaya wa duk wadda ta gaishe ta, "'Yata ce ta rubuta."

Vernice tana karantawa tana ɗaga littafin a ga zane. Yara suna dariya. Sai ta buɗe wani shafi, inda wata tsohuwa take tsaye a bakin murhu da jan mataji a hannu, tana son ta ƙone gajimaren.

A zanen na ga hular gashi mai ruwan ƙasa. Na ga tabarau mai sarƙa. Na ga tawadar Allah a gefen haɓa, da labulen taga mai zanen lemo wanda ni na kafa ƙusoshinsa.

Corinne ta miƙe tsaye a cikin yara, ta nuna da yatsa.

"Kaka ce," in ji ta. "Baba, ga Kaka a littafi."

Rabin iyayen da ke wurin a gaban wannan murhun suka girma. Na ga Sista Beulah, shugabar mawaƙan cocinmu, ta kai hannu ta taɓa kunnenta ba tare da ta sani ba. Vernice ta tsaya da baki a buɗe, kamar yau ta fara ganin shafin. Mama ba ta motsa ba. Ta zauna har aka gama, ta yi tafi tare da kowa, sannan ta ce mini, "Cleon, kai ni gida. Na bar wake a wuta."

Babu wani wake a wuta.

Da yamma na sami Vernice a gidanta.

"Yaya, me kika yi haka?"

"Hoton kicin ɗin Mama na ba mai zanen don ya ga yadda kicin irin namu yake. Murhu nake so ya gani, da taga. Ban ce ya zana ta ba."

"Amma kin ga zanen kafin a buga."

Ta ture gashinta gefe ta nuna mini bayan kunnenta. Tabon ya kai tsawon ɗan yatsa, fari, ya yi ƙyalli.

"Shekarata bakwai. Na yi kuka ta ce mini rakin kai gare ni, wai kyau sai da wuya. Kai ana kai ka wurin mai aski a ba ka alewa. Kada ka zo ka koya mini abin da na gani."

"To ki je ki ba ta haƙuri ko don mutane."

"Ba zan ba da haƙuri a kan gaskiya ba."

Na kai wa Mama littafin, na ce ta karanta duka, ba shafi ɗaya ba ne. Ta ɗauke shi da yatsu biyu ta sa a ƙarƙashin tukunyar fure.

"Na karanta abin da ya ishe ni."

Asabar ta zo na kai Corinne. Mama ta shimfiɗa matashi a ƙasa kamar kullum, ta jera robobin ɗaure gashi kala-kala, ta buga cinyarta.

"Zo nan, 'yar gidana. Wannan kicin naki ya zama daji."

Yarinyar ta laɓe a bayan ƙafata ta riƙe wandona.

"Za ki ƙone mini gajimare."

"Wane gajimare? Kitso ne kawai, ga hannuna, babu komai."

"A littafi kin ƙone."

Na ga fuskar Mama ta canza irin yadda ban gani ba ko ranar jana'izar Baba. Ta tattara robobin ɗaya bayan ɗaya ta mayar a kwali. Asabar ta gaba ma haka aka yi, sai dai a wannan karon Corinne ta leƙo daga bayana ta yi tambaya.

"Kaka, ke ina naki gajimaren? Gwaggo ta ce kowa yana da shi. Ki cire hular in gani."

"Ba a tambayar babba haka," in ji Mama, da wata murya da ta sa ni kaina na gyara tsayuwa. "Kakanki ma bai gani ba, balle ke. Wannan hular da ita za a rufe ni."

A mota na yi ta tunani. Littafin an rubuta shi ne don yarinya irin tawa ta so kanta, kuma ya yi aikinsa, don Corinne ta daina tambayata me ya sa gashinta ba ya kaɗawa in ta yi gudu. Amma shi ne kuma ya raba ta da mutum ɗaya tak da ke taɓa kan nan da ƙauna. Na rasa wanda zan ba laifi, kuma rashin mai laifi ya fi damuna.

Ranar jajibirin Ista na ɗauki Corinne, na biya na ɗauki Vernice. Ta ce ba za ta shiga ba, na ce to ta zauna a mota ta ji sanyi. Ta biyo mu.

Mama tana kicin tana kwaɓa burodin masara. Matajin yana kan murhu, wutar a kashe. Ta dubi Vernice sama da ƙasa.

"Marubuciya ta zo. Cleon, ba ta kujera, kada ta rubuta cewa ba a ba ta ba."

"Mama, ba faɗa na zo yi ba."

"A'a, kin riga kin yi, a gaban Beulah da kowa. Ni da na tsaya a kan ƙafafun nan ina gyara ki don kada wani ya dube ki ya ce ki koma ta ƙofar baya, yadda ake yi wa baƙar fata a zamaninmu."

"Ba wanda ya ce mini haka."

"Don na gyara ki ne, mara kunya."

"Kin ƙone ni, Mama. Kin koya mini cewa abin da ya tsiro a kaina ƙazanta ne. Sai da na kai shekara ashirin kafin na san kamannin gashina."

"Ke kin san shi ai. Kin yi sa'a."

Corinne ta fara kuka a hankali, ta toshe kunnuwanta biyu da hannu. Ba riƙe kunne irin na mataji ba ne, amma da Mama ta juyo ta gan ta a haka, sai ta ajiye cokalin. Ta daɗe tana kallon yarinyar. Ta wanke hannu, ta goge a tawul, ta jawo kujera ta zauna.

"Ina da shekara goma sha tara na je neman aiki a wani babban kanti a cikin gari," in ji ta, ba ta kallon kowa. "An yi ruwa a hanya, gashina ya dunƙule. Matar da ke ɗaukar ma'aikata ba ta dubi takarduna ba. Kaina ta duba, ta ce suna neman masu tsabta. Daga ranar ban sake barin ruwa ya ci ni ba. Mataji da safe, mataji da yamma. Da man miƙar da gashi na kanti mai cin fata ya fito na koma masa. Yana zafi ina ƙirga albashi."

"Ba ki taɓa faɗa ba," in ji Vernice.

"Wa ya tambaya?"

Ta dubi Corinne.

"Ke, mai gajimare. Har yanzu kina son ki gani?"

Yarinyar ta ɗaga kai, ba ta matso ba.

Na ce, "Mama, ba dole ba ne."

"Rufe mini baki, Cleon. Da kai nake?"

Ta sa hannu biyu ta zare ƙananan ƙarafan da ke riƙe hular, ta jera su a kan tebur kusa da kwanon kwaɓi. Sannan ta ɗaga ta.

Ban san sautin da ya fito daga bakin Vernice ba. Ni dai na dafa firij. Tun daga goshi har tsakar kai babu gashi ko ɗaya. Fatar ta yi sumul tana ƙyalli kamar tsohon tabon ƙuna, wani wuri ja-ja, wani wuri fari. Kan ya yi ƙanƙanta, kamar ba na matar da ta rene mu da tsawa ba. Shekara arba'in da ɗoriya ina kallon wannan fuska, ashe rabinta kawai na sani.

Sai a can ƙeya. Nan akwai gashi, fari fat, a dunƙule tamau kamar masoro, bai san an yi wani yaƙi ba.

"Likita ya ce ba zai sake tsirowa ba," in ji Mama. "Tun kina 'yar aji uku, Vernice. Kicin ne kawai ya ƙi mutuwa. Shi da na fi gallaza wa."

Vernice ta zame ta zauna a ƙasa, hannu a baki.

"Kina sane, kuma kika ci gaba da sa mini?"

"Ina sane. Na rage wutar dai." Ta dubi matajin a kan murhu. "Ban san wata hanyar ba."

Hular tana kan tebur kamar wata dabba da ta yi barci. Corinne ce ta saki wandona. Ta zagaya ta bayan kujerar a hankali, ta yi ɗage, ta tsaya tana kallo.

"Kaka, ga shi nan," in ji ta. "Ƙarami ne. Ya ɓuya a baya."

"To ai kin gani."

"In taɓa?"

Mama ta rufe ido. Tun ina yaro, ko ƙuda ya sauka a hular ba ta barin mu kore shi.

"Hannunki da tsabta?"

Yarinyar ta goge tafukanta a riga ta nuna. Mama ta sunkuyar da kai gaba, ta kai yatsu ta lanƙwashe kunnenta na dama, yadda ta koya wa matan unguwa duka.

"To, taɓa," in ji ta. "A hankali dai. Rakin kai gare ni."