Ranar da Ba a Yi wa Malam Daka Ba

A gidanmu akwai wata al'ada da shi kansa maigidan bai san da ita ba. In Malam ya ɗauki buta ya nufi masai, to mace ta kama taɓarya. Ko da hatsi a turmin ko babu, daka za ki yi ta yi har sai ya fito. Uwar mijina ce ta koya min, tun lallen aurena bai goge ba. Dalili kuwa, wanda ya gina gidan nan namu na Garu, Allah ya jiƙansa, ya haɗa masai da zaure bango ɗaya, har ya bar 'yar kafa a sama wai don iska ta riƙa wucewa. Tana kuwa wucewa, da ita da duk abin da ta ɗauko.

Tun gemun Malam yana baƙi har ya yi fari yake yabon mu a gaban baƙi. "Matan gidan nan ba sa zama, kullum suna kan turmi." Ni dai sai in ce Allah ya ƙara mana ƙarfi.

Mu mata ba mai yi mana daka. Mun san lokacinmu: in yara sun kaure da karatu a zaure, ko in Malam ya tafi masallaci. Mai lafiyayyen ciki ai tana iya jiran azahar.

Sai Allah ya kawo mana Mu'minatu, matar ɗana Falalu, 'yar Fulanin wajen Miga. Yarinya ce mai kunya, irin wadda ko ruwa ba ta sha a gabana sai ta juya baya. Ta haifa mana mace, aka sa mata Alheri. Lafiya lau muke zaune, har shekarar da Nasara ya ce a ba shi maza su yi masa hanya, dagaci ya nuna Falalu a ciki. Tun daga ranar da ya ɗauki gatarinsa ya fita, cikin Mu'minatu ya ƙi zama wuri ɗaya.

Ni ban taɓa ganin ciki mai ra'ayin kansa irin wannan ba. Wani zubin ya ƙulle kamar an ɗaure bakin buhu, ta yi ta yawo da shi a kumbure. Wani zubin ya ɓalle, ba sallama ba komai. In ta ci wake, ya tashi. In ta sha nono, ya tashi, ku ji fa, 'yar Fillo da nono! In baƙo ya yi sallama, ko aka ce an ji labarin masu aikin hanya, nan take za ki ga ta dafe mara, gumi ya keto mata. Mun dafa sabara, mun jiƙa tsamiya, mun ba ta jar kanwa. Malam ya yi mata rubutun sha na ciwon ciki har allonsa ya kusa hujewa. Cikin ya sha ya gode, ya ci gaba da abin da yake yi.

Da rani asirinta a rufe yake, don karatun yara yana danne komai. Da damina ta faɗi, yara suka koma gona, zaure ya yi tsit. Sai Malam shi kaɗai, ya jingina da bangon nan, yana jan carbi tun hantsi. Cikin Mu'minatu kuwa bai san lokacin salla ba.

To me za ta yi? Ta shiga masai surukinta yana jingine da bangon? Ai gara a ce mata ta mutu. Sai ta riƙa kwance goyo ta dire 'yar a kan tabarma, ta zagaya bayan rumbu, ta tsallake danga, ta yi cikin duwatsu da gudu. Ni a lokacin ban gane ba. Ina dai ganin yarinya a yashe tana tsala kuka, uwa ba ta nan.

Ana cikin haka 'yata Zulaihatu ta zo ganin gida daga Ringim. Zulaihatu ta daɗe a ɗakin miji, Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma idonta ba ya wuce komai. Tun ba ta huta gajiya ba ta ce, "Iya, matar Falalu ciki gare ta? Miji ba ya nan, ga goyo?"

Na ce, "Ƙwarai. Da la'asar take ɗaukarsa, kafin gari ya waye ta sauka. Gobe ma ki duba."

Ba ta yi dariya ba. Washegari kuwa, uwar tana cikin duwatsu, Alheri ta taka da ƙafarta har zaure, ta sami tawadar Malam ta kurɓa, ragowar ta shafe masa buzu da ita. Zulaihatu ta ɗauko ta da baki baƙi ƙirin ta tsaya a gaban ubanta.

"Baba, dubi jikarka. Uwarta tana can tana tsallake danga kamar akuya. Ko dai iska ke jan ta, ko kuma 'yar ce ba ta so. Ga yaye ya zo. A ba ni ita in tafi da ita Ringim, in yaye ta, in riƙe ta har aure."

Malam ya dubi buzunsa, ya dubi yarinya, ya ce, "Na ba ki. In mijinki ya zo ɗaukarki ku tafi tare."

Kun san yadda abin yake. 'Yar fari ce, uwa ba ta da bakin magana a kanta. Ko sunanta ba ta faɗa, sai dai "yarinyar nan". Da aka gaya wa Mu'minatu sai ta ce "To," ta ci gaba da tankaɗe. Can kuma ta ajiye rariya ta yi bayan rumbu.

Ran nan na bi ta. Ni ba na tsallake danga, shekaruna sun wuce nan, ta ƙofa na zagaya. Na same ta bayan ta gama, zaune a gindin dabino, ta haɗa kai da gwiwa.

Na ce, "'Yar Fillo, aljanin naki a nan yake zaune? Ki nuna min shi mu gaisa."

Sai kuka. Da ƙyar ta ce, "Iya, Baba yana jingine da bangon."

Shi ke nan abin da ta faɗa, ni kuwa na ji kamar an buɗe min ƙyaure. Shekara nawa ina yi wa bangon nan daka, ban taɓa kawo shi a raina ba.

Ta ce, "Wataƙila gara ta tafi ɗin. Ina ba ta nono sai in cire ta in gudu. Ina yi mata wasa rabin hankalina yana cikina. Jiya ta riƙe min zane na fizge, Iya, na fizge har ta faɗi. Wace irin uwa ce wannan?"

Na ce, "Irin mai ciki. Kowa da shi yake yawo, naki ne dai mai surutu. Ke kina so ta tafi?"

Ta kama tsinke tana zanen ƙasa. Cikinta ya yi wata irin ƙara kamar hadari ya taso daga gabas.

Na ce, "Na ji. Tashi mu je gida."

To ga inda gizo... a'a, ga inda wuyar take. Maganar Malam ta riga ta fita, kuma shi ba ya mayar da magana sai da hujja. Hujjar kuwa ba ta faɗuwa. Ta yaya zan zauna gaban malami guda in ce masa, bangon da kake jingina ɗin nan yana kawo maka labarin surukarka? Ko na fara, zai ce "Subhanallahi" ya tashi. Ga kuma Zulaihatu, ni na haife ta, na san yadda take kallon 'ya'yan mutane a gidan suna. Ban ji daɗin abin da zan yi mata ba. Amma ita ɗa take nema, ko wanne. Mu'minatu kuwa wannan ɗin take so.

Ranar da Idirisu mijin Zulaihatu ya iso da jakinsa, tun da safe na aika wa maƙwabta da taɓarenmu duka, na ce aro na ba su, ko ba su tambaya ba. Na dafa wake, na zuba masa kanwa da hannu biyu, na kwarara man gyaɗa. Na dama fura da nonon da ya kwana ya yi tsami. Malam yana son wake, wake ne ba ya son sa, shi ya sa na daɗe ban ba shi ba. Ya ci har yana sa min albarka.

Bayan azahar suna zaure shi da Idirisu. Idirisu ya durƙusa a gefe, kai a sunkuye, kamar yadda suruki yake yi. Sai ga Malam ya shigo da sauri, ya suri buta.

Zulaihatu a gidan ta tashi, ta san aikinta. Ta miƙe ta yi wajen turmi. "Iya, ina taɓarya?"

"Tana maƙwabta."

"Ɗayar fa?"

"Ta bi 'yar'uwarta."

Ta rarumo muciya za ta buga turmin da ita, na riga ta na zauna a kai daram. Na ce ƙafata ke ciwo.

Ban taɓa jin gidanmu ya yi shiru irin na ran nan ba. Ko kaji sun yi tsit, kamar an gaya musu. Ba zan faɗa muku abin da aka ji ba, mijina ne, kuma malami ne. Abin da zan faɗa shi ne na Idirisu. Da fari muka ji ya yi tari. Ya ƙara yin tari. Sai ya kama karatu da ƙarfi, shi da ko a salla ba a jin muryarsa. Da karatun ya gaza, sai muka ji ya zabura ya yi waje yana cewa, "Kai! Kai! Jakin nan zai ci shukar mutane!" Jakin kuwa yana ɗaure, barci ma yake.

Malam ya fito. Ya ajiye buta a hankali. Ya dubi ƙofar zaure, bai nufe ta ba. Ya dube ni a kan turmi.

"Yau gidan ba daka?"

Na ce, "Haka yake kullum, Malam, in 'yar Fillo ce ta ɗauki buta. Ita ba mai yi mata."

Ya tsaya. Na ga ya ɗaga kai ya kalli 'yar kafar nan ta saman bango, ya daɗe yana kallonta, kamar yana lissafin shekarun da ya yi yana yabon matan gidansa. Sannan ya juya ya kalli dangar bayan rumbu, inda karan ya kwanta saboda tsallakawa. Wallahi na ga ya auna tsayinta da ido.

Na ce, "Ba ta da wuya. Sai dai ka tattare riga."

Ya yi gyaran murya ya ce a kira matar Falalu. Mu'minatu ta fito ta durƙusa nesa, ta ba shi baya, fuskarta a bango. Zulaihatu tana tsaye riƙe da Alheri, har ta ɗaura mata sabon ɗan zane na tafiya.

Malam ya ce da ni, don ba ya yi mata magana kai tsaye, "Tambaye ta, tana da abin cewa?"

Na zaci cikinta ne zai amsa kamar kullum. Sai muka ji 'yar murya, da ƙyar take fita.

"Alheri tana tsoron jaki."

Ranar ce farkon da sunan ya fito daga bakinta, a gaban surukinta kuwa. Tana faɗa ta rufe fuska da gyale. Zulaihatu ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi Mu'minatu a durƙushe, ta rufe.

Malam ya ce, "To ba a ɗora wa yaro abin da yake tsoro. A yaye ta a nan, a ɗakin kakarta." Sai ya ƙara da cewa, "Kuma zafi ya yi yawa a zauren nan. Daga gobe a kai min buzu gindin ɗorawa."

Ana tsakiyar damina fa, har mayafi muke rufa.

Zulaihatu ta sauke yarinyar da kanta, ta kai ta har bayan uwar ta ajiye. Da za su tafi ta ce min, "Iya, ni kika haifa, amma kika zauna min a kan turmi." Na ce haka ne. Ba ta ƙara zuwa ba sai da aka yi salla biyu. Idirisu kuwa har ya tsufa bai sake yarda ya zauna a zaurenmu ba, daga waje yake gaisuwa.

Da Falalu ya dawo, ya rame ya yi baƙi, Malam bai bar shi ya huta ba ya nuna masa bayan rumbu. Ko ba komai Nasara ya koya masa haƙa. Ya haƙa mana masai mai zurfi, nesa da kunnen kowa.

Cikin Mu'minatu dai bai warke ba, kada in yi muku ƙarya. Ya yi sauƙi, ya san gida. Ta bar wake, nono sai ɗan kaɗan, in ya motsa kuma sai ta miƙo min 'yar ta ce, "Iya, riƙe min," ta tafi da tafiyarta ba gudu.

Abin da ban yi tsammani ba, ashe Alheri tana kallon mu. Da ta ƙara wayo, uwarta na ɗaukar buta sai ta rarumi muciya ta kifa ƙwarya ta yi ta bugu, tana waƙa. Muka ce ai yanzu ba a bukata, ta ƙi ji. Daga baya ta faɗaɗa aikin, kowa ya ɗauki buta sai ta buga masa, har baƙi, har liman ranar da ya zo mana gaisuwa, shi da alwala kawai zai yi. Unguwa duk ta gane. In an ji ƙwarya daga gidanmu sai maƙwabta su leƙo ta kan danga su ce, "Iya, yau kuma wane ne?"