Minti Tara na Duhu

Darakta ya jona kwamfutar da talabijin ɗin falo, ya cire, ya hura bakin wayar kamar a nan matsalar take.

"Kunna mana, malam," in ji yayansa daga kan keken guragu. "Wata shida kana ɗaukar ƙafafuna. Yau dai in ga ko sun iya wasa."

Fim ne irin wanda ba labari, ba waƙa. Tayar keke tana juyawa har minti huɗu. Hannun matar Yaya yana matse tsumma. Labule yana motsi.

"Shekara goma sha ɗaya da aure," in ji matar, "ka mai da ni nas."

"Fasaha ce, Anti."

"Ita fasahar ba ta son fuskar mutane?"

Darakta bai yi dariya ba, lambobin ƙasan allo yake kallo. A minti na talatin da ɗaya hoto zai ɗauke. Ranar da aka gama ɗauka ya manta da ƙaramin makirufo a wuyan rigar Yaya, shi da matarsa suka shige ɗaki da shi, suka rufe ƙofa. Makirufon ya naɗi minti tara. Nishin ɗaga mutum zuwa gado. Yaya, da muryar da ƙaninsa bai taɓa ji ba, yana tambaya ko har yanzu shi miji ne ko kaya. Ita tana cewa kaya ba ya kishi, ya ɗan gusa mata ta kwanta. Sai dariya ƙasa-ƙasa, sai abin da ba na kowa ba.

A saurare na farko Darakta ya ji kunya. A na bakwai ya ga fasaha. Ya ɗora sautin a kan baƙin allo ya tura gasar fina-finai, jiya kuma suka rubuto sun zaɓe shi, musamman saboda wannan wurin.

Da niyyar faɗa musu ya zo. Tun a mota ya shirya jawabi, har da kalmar amana a ciki.

Allon ya yi baƙi. Yatsansa ya riga jawabin, ya kashe sauti.

Su uku suka zauna suna kallon duhu, fanka tana juyawa.

"Wannan fa?" in ji Yaya.

"Matsalar na'ura ce."

"To, ka gyara kafin mutane su gani. Kada a ce ƙanina bai iya aiki ba."

"Zan gyara, Yaya."

Matar ta miƙa hannu ta daidaita wa mijinta wuyan riga, daidai inda makirufon ya zauna. Saura minti takwas.