Ƙyalƙyalin Goɗiyar Kawu

Dawaki ashirin da biyu ne za su yi gudu a ranar, kuma babu wanda zai taka fili sai Likita ta duba shi ta sa hannu a takarda. Shekararta bakwai tana wannan aiki a filin sukuwar. Takan shafa ƙafafun doki ɗaya bayan ɗaya tana neman zafi ko kumburi, ta leƙa ido da hanci, ta saurari bugun zuciya, sannan ta sa a ja shi ya yi sassarfa a gabanta ko za ta ga ɗingishi. Doki ba ya cewa ga inda ke masa ciwo, sai dai tafin hannu ya gano.

Da ƙarfe tara ta fara. Goman farko ba su ba ta wahala ba, in ban da wani ingarma da ya so ya ɗanɗana kafaɗarta. Da ta iso ɗaki na goma sha ɗaya a bargar sai ta ja ta tsaya.

Goɗiyar kawunta ce a ciki, baƙa wuluk, wadda ta sani tun tana duƙusa. Amma yau sai ka yi da gaske kafin ka ga baƙin. Tun daga kunne har kofato an mulke ta da ƙyalƙyali ruwan zinare, an yi mata taurari a cinya, gezarta da wutsiyarta sun sha na azurfa. A gefe ga Auta, 'yar kawun, tsugune a gaban akwatin kayan kwalliya, buroshi a hannu, waya a jingine da bokiti tana ɗaukar bidiyo.

"Yaya Likita! Ya kika gan ta?" in ji Auta, baki har kunne. "Tun asuba nake a kanta."

"Na gan ta. Ko makaho ma ya gan ta. Mene ne wannan?"

"Talla ce. Ba kin san na buɗe shagon kwalliya ba? Mutum nawa ne za su zo kallo yau? Duk wanda ya ɗauki hotonta sai ya tambayi wa ya yi."

Likita ta durƙusa ta kama ƙafar gaba ta dama. Hannunta ya zame. Wani abu ne mai danƙo da sanyi, mai ƙamshin na'ana'a, ya yi kauri a kan fatar. Ta sunsuna yatsunta.

"Da me kika liƙa shi?"

"Man gyaran gashi. Mai kyau ne wallahi, shi nake sa wa amare."

"Amare ba sa gudun kilomita biyu, Auta. Wannan man sanyi gare shi. Ko da wuta ce ke ci a cikin jijiyar nan ba zan ji ba. A wanke ƙafafun duka huɗu, daga gwiwa zuwa ƙasa, da fuskar."

Auta ta miƙe kamar an tsikare ta. "A wanke? Awa huɗu fa! Ƙafafun ne ma suka fi kyau in tana gudu. Haba Yaya, ke dai tun muna yara ba ki son ki ga abu yana walƙiya."

"Ni da ke wasa ne tsakaninmu, amma ba a nan ba. Ɗauko ruwa."

Maimakon ruwa, Auta waya ta ɗauka ta kira babanta.

Kawu ya iso yana share gumi da hularsa. Mutum ne mai jiki da murya, wanda ya yi shekara ashirin yana kiwon dawakin sukuwa bai taɓa cin kofi ba, bai kuma taɓa yarda cewa laifin dawakinsa ba ne. Likita ta rusuna ta gaishe shi. Ya amsa a gajarce.

"Me nake ji haka, 'yar nan?"

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara yana kaɗa kai kamar ya gane, sannan ya ce, "To jiya da yamma na sa an zagaya da ita, lafiyarta ƙalau. Sa hannu kawai."

"Kawu, jiya daban, yau daban. Ban taɓa sa hannu a kan ƙafar da ban ji ba."

"Ni ne fa. Ni na kai ki makarantar nan a motata, da akwatinki da katifarki."

"Ban manta ba, Kawu."

"To nuna mini inda aka rubuta an hana doki ado. Nuna mini!"

Nan ne gizo ke saƙar. Littafin dokokin filin ya yi maganar nauyin mahayi da tsawon bulala da irin takalmin kofato, amma wanda ya rubuta shi bai taɓa mafarkin ƙyalƙyali ba. Kawu ya ce sai dai kwamiti ya raba su. Ya yi gaba, ita kuma ta bi shi a baya, tana duba agogo.

Ofishin kwamitin ɗaki ne ƙarami a ƙarƙashin rumfar 'yan kallo, da fanka ɗaya mai ƙara da tebur mai ƙafa uku da rabi. Mutum biyar ne a kwamitin. Sau uku Likita tana rubuta musu a kan famfon barga da ya lalace, ba su taɓa haɗuwa su biyar ba. Yau ana cewa ƙyalƙyali sai ga su sun cika, har da wanda aka ce yana jinya.

Shugaba ya ce a fara da sanin ko ƙyalƙyali kaya ne ko magani. In kaya ne, hurumin alƙalin fili ne, in magani ne, na Likita. Sakatare ya ce shi a ganinsa fenti ne. Wani ya ce a auna nauyinsa a cire daga na mahayi. Wani mai doki da ya leƙo ta taga ya rantse cewa in rana ta doki jikin goɗiyar za ta kashe wa sauran dawaki ido, kuma wannan maguɗi ne ƙiri-ƙiri. Kawu ya ce masa, "Dokinka da kullum yake baya, wutsiya kaɗai zai gani." Aka yi dariya, aka yi hayaniya, aka ba da haƙuri.

"Ranka ya daɗe," Likita ta ce wa Shugaba, "ni ban ce a hana kowa ado ba. Ƙafa huɗu da fuska nake so a wanke. Minti goma ne."

"Za mu zo kan wannan, Likita. Bi sannu."

Ba su zo ba. Ɗayansu ya ce a wasu ƙasashe yana jin ana yi, ɗaya ya ce ai mu ba wasu ƙasashe ba ne. Ma'aji ya ce 'yan kallo sun ragu bana, in walƙiya za ta kawo mata da yara to shi a shafa masa ma. Aka koma musu a kan ko launin zinare ya fi na azurfa ɗaukar ido. Ƙarfe goma sha biyu ta wuce, saura dawaki goma sha ɗaya ba ta duba ba. Ta tattara takardunta ta fice, babu wanda ya lura.

Tana cikin sauraren ƙirjin doki na goma sha biyar wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce.

"Ke, me ya haɗa ki da kawunki a bainar jama'a?"

"Umma, aiki nake yi."

"Aikin ne ya ce ki tozarta yayana? Yarinya ta samu sana'a tana lallaɓawa, maimakon ki kama mata sai ki zuba mata ruwa?"

"Umma, in ƙafar nan ta karye a guje, mahayin ne zai faɗo a gaban dawaki goma. Yana da mata da 'ya'ya."

"Allah ya kiyaye. Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Ni dai na faɗa miki, zumunci ya fi takarda."

Likita ta mayar da wayar aljihu, ta tsaya ta dafa wuyan dokin har numfashinta ya daidaita. Sai da ta sake ƙirga bugun zuciyar daga farko, don na farkon ya ɓace mata.

Ƙarfe uku saura kwata ta gama da sauran ta dawo ɗaki na goma sha ɗaya. Kwamiti bai fito ba. Kawu ya fito, yana tsaye ya harɗe hannu. Auta tana ƙara wa wutsiya azurfa. Lasifika ta sanar cewa za a rufe rajista ƙarfe uku da kwata, duk dokin da ba shi da sa hannun Likita ya fita.

"To?" in ji Kawu.

"Maganata tana nan, Kawu."

Tsohon mai kula da bargar, wanda kowa ke kira Baba, yana zaune a gefe tun safe. Ya tashi daga kan buhun dusa ya fita, ya dawo da bokiti biyu na ruwa da sabulu da soso, ya dire su a tsakiyar ɗakin, ya koma ya zauna. Kawu ya dubi bokitan, ya dubi agogonsa, ya juya baya yana kallon bango.

Likita ta naɗe hannun riga. Abin bai fita da sauƙi ba. Man ya kama gashi, ƙyalƙyalin kuma sai ya bar ƙafar goɗiya ya koma hannunta, daga hannu ya hau goshi, daga goshi ya shiga wuyan riga. Ta cuɗa, ta ɗauraye, ta sake cuɗawa. Ruwan zinare ya malale a kan siminti. Auta ta tsaya a lungu tana hawaye ba sauti, ta kashe bidiyon. Fuskar ce Likita ba ta samu wankewa yadda take so ba, don goɗiyar ta gaji tana ta fizge kai, lokaci kuma ya ƙure. Ta goge gefen idanun da tsumma iya yinta.

Ta jira fatar ta sha iska, sannan ta bi ƙafafun da tafin hannu a hankali, jijiya bayan jijiya. Ta sa Baba ya ja ta, sassarfa zuwa ƙofa da dawowa.

Babu zafi. Babu kumburi. Babu ɗingishi.

"Me kika gani?" Kawu ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya san amsa.

"Lafiyarta ƙalau."

"A'a, ɗaga murya. Baba bai ji ba."

"Lafiyarta ƙalau, Kawu." Ta sa hannu ta miƙa masa takardar.

"Abin da na faɗa tun safe ke nan. Karatu dai, karatu dai." Ya karɓe ya yi waje.

Ta so ta ce masa ai dubawar ba don a samu ciwo ake yin ta ba, amma ta san ko ta faɗa iska ce za ta kwashe.

Da aka fito da dawaki, fili ya ɗauki sowa. Goɗiyar tana walƙiya daga sama, ƙafafu kuwa baƙaƙe, kamar wadda ta ci ado ta manta takalmi. Wayoyi suka tashi sama. Aka saki dawaki, ta fita da kyau, ta riƙe na biyu har kwanar ƙarshe, daga nan ta fara kaɗa kai tana karkata, biyu suka wuce ta. Ta huɗu ta zo. Kafin ƙura ta lafa Kawu ya gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da shi cewa ruwan sanyin da aka kwara mata ne ya kashe mata ƙafa.

Likita ba ta bi ta kansa ba, kaɗa kan nan ne ya tsaya mata a rai. Ta tarar da goɗiyar a barga tana huci, idon hagu a rufe yana zubar da ruwa. Gumi ya narkar da man da ke gezar goshi, ya gangaro da ƙyalƙyalin cikin ido.

"Auta, zo ki riƙe mini kanta."

Auta ta zo ba musu. Likita ta buɗe fatar idon ta haska da tocila. Ƙwayoyi uku ne ko huɗu, ƙanana kamar yashi, sun manne a ciki. Ta ɗauko ruwan wanke ido da sirinji ta shiga wankewa, goɗiyar tana tirjewa, Auta tana lallashinta. Sun fi rabin awa kafin ta ƙarshe ta fito. Ta ɗiga magani, ta sake haskawa. Ƙwayar idon ta ɗan kuje, amma ba mai zurfi ba.

"Za ta warke?"

"Kwana biyar, in an kiyaye ɗiga magani. Kada a fitar da ita rana."

"Wallahi Yaya ban san zai shiga ba. A jikin kwalbar an rubuta ba ya cutarwa."

"Ba ya cutar da wanda ke zaune a kujera ana yi masa fifita."

Suna haka Sakatare ya leƙo da takarda a hannu, fuskarsa fal annuri. Kwamiti ya cimma matsaya, in ji shi. An yarda da ƙyalƙyali daga gwiwa zuwa sama. Sannan daga yau duk mai son shafawa zai kawo wa Likita samfuri kwana uku kafin sukuwa, ta gwada, ta rubuta rahoto, kuma ranar gudu ta tabbatar da awo cewa bai sauko ƙasa da gwiwa ba.

"Fuska fa?" ta tambaya, tana nuna masa idon. "Kun ce wani abu a kan fuska?"

Ya duba takardar gaba da baya. "Ba mu kai nan ba. Ki rubuto, sai a sa a zama na gaba."

Ya tafi. Likita ta zauna a kan buhun dusa kusa da Baba, ta cire safar hannu. Bayanta ya riƙe, tun shayin safe ba ta sa komai a ciki ba.

Auta ta gama haɗa akwatinta, ta matso tana murza yatsu.

"Yaya, na yi alkawari nan gaba ba zan kusanci fuska ba. Daga wuya zan tsaya."

"Nan gaba?"

"Mutum shida ne suka karɓi lambata. Har da mai cewa maguɗi ne. Shi kore yake so." Ta ƙara matsowa. "Samfurin, gida zan kawo miki ko asibiti?"

Likita ta dube ta. Baba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa saboda dariya.

"Asibiti," ta ce. "Kuma kada ki zo mini da man amaren nan."