Tarkon da Malam Job Ya Ɗana wa Abdulsalam

Tun Anita tana 'yar mitsitsiya, duk lissafin da ya cije mata wurin babanta take kaiwa. Malam Job ya tsufa yana koyar da lissafi a sakandare, kuma bayan ya yi ritaya ya tare a Tirwun, ɗaliba ɗaya ta rage masa a duniya, ita ce autarsa.

Sai da ta shiga kwaleji aka saya mata kwamfuta. Daga nan bakinta ya koma Yaya Abdul. Yaya Abdul ya nuna mata yadda ake rubuta lamba a akwatunan manhajar lissafi ta Ekzel a sa alamar kaso, kashi cikin ɗari ya fito da kansa. Yaya Abdul ya nuna mata wata 'yar alama mai kama da jinkar ɗaki, wadda ke ninka lamba da kanta. Wannan Yaya Abdul ɗin kuwa ba kowa ba ne illa Abdulsalam maƙwabcinsu, tsohon ɗalibin Malam Job, yaron da sai da aka yi da gaske kafin jadawalin ninkin tara ya zauna masa a ka.

Kishi ya hana Malam Job sakat. In ya ji dariyar Anita daga ƙofar gidan Abdulsalam, har tuwo sai ya fita ransa.

"Baban Anita, yaron nan taimakonta yake yi," in ji matarsa Cecilia.

"Taimako? Danne-danne dai. Wannan ai ba lissafi ba ne."

Ya dai faɗa ne kawai. Da zarar Anita ta tafi koyon waƙa a coci, sai ya ɗauko kwamfutar, ya maƙala tabarau, yana danna ta da yatsa ɗaya yana neman inda za ta yi tuntuɓe. Ya jarraba ta da tarawa, ta ci. Ya jarraba ta da rabawa da kaso, ta ci. Rannan ya sa alamar ragi gaban uku, ya bi ta da jinkar nan da biyu. A ƙa'idar da ya koyar, sai an ninka uku da kanta kafin a waiwayi ragin, amsa ta zama tara ƙasa da sifili. Kwamfuta ta ba shi tara garau, ba ragi. Saura kaɗan ya taka rawa.

Ran Asabar da la'asar, maƙwabta na zaune ƙarƙashin dalbejiya, ya sa Anita ta kira Abdulsalam, ta kuma fito da kwamfutar. Ta fito da murnarta, a zatonta Baba ya sauko.

Abdulsalam ya rusuna ya gaishe shi. Malam Job ya karanto masa lissafin, shi kuma ya danna.

"Tara, Malam."

"Tara? Tara ka ce?" Malam Job ya waiga ga jama'a. "Ku ji fa! Yaron aji uku ba zai ba ni wannan amsa ba. Da ma tun a aji haka kanka yake, yau kuma kai ne malamin 'yata!"

Abdulsalam ya ƙura wa allon ido, ya sa baka biyu ya kewaye ukun da biyun, ragin ya bayyana.

"Gaskiyarka, Malam. Ita ragin take fara ɗauka, sai an raba mata da baka. Na gode." Ya miƙa wa Anita kwamfutar da hannu biyu, ya yi sallama ya wuce.

Anita ba ta ɗago kai ba. "Baba, ai da ka nuna min a ɗaki," ta ce a hankali, ta shige gida.

Buƙatar Malam Job ta biya, don tun daga ranar kunya ta hana Anita taka ƙofar Abdulsalam. Da jarrabawa ta matso, ya fito da kujerarsa bakin ɗakinta, ya fere fensir, ya zauna. Yana jin ta tana danne-danne, tana tsaki, tana gogewa. Ya yi gyaran murya.

"Akwai abin da ya cije ne?"

"Babu, Baba," in ji Anita, ta tura ƙofar a hankali.